Zawon ƴan awaki da ƴan tumaki: abin yi tun daga awar farko

Da asuba uwar gida ta leƙa garke ta tarar da ɗan akuyar da aka haifa shekaranjiya a kwance gefen turke, wutsiyarsa ta jiƙe sharkaf da kashi ruwa-ruwa mai launin ɗorawa, ƙudaje sun fara taruwa. Jiya da la'asar yana tsalle-tsalle. Ta ɗaga shi, ya tsaya kaɗan, ƙafafu suka lanƙwashe. Abin da za ta yi daga wannan lokaci zuwa azahar shi zai nuna ko zai kwana da rai.

Jar akuyar Maradi akwai ta da haihuwa, tagwaye ba abin mamaki ba ne gare ta, wani lokaci har ƴan uku. Don inganta irinta aka kafa cibiyar kiwon awaki ta Maradi tun 1963, kuma daga Tasawa zuwa Gidan Rumji ita ce asusun mata da yawa. Sai dai haihuwar ba ta da amfani in ƴaƴan suna mutuwa kafin su yi wata guda, kuma zawo na cikin manyan abubuwan da ke kwashe su a wannan tsakani.

Abu guda ya kamata mai kiwo ya riƙe kafin komai: a mafi yawan lokuta ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe ɗan akuya mai zawo, tun kafin wani magani ya kai ga yin aiki. Saboda haka ruwa ake fara ba shi. Allura, in ma ana bukatarta, tana zuwa daga baya.

Abin da ke faruwa a cikin hanji

Ƙwayar bakteriyar da ta fi kama jarirai a kwanakin farko ita ce Ikolai, irin nau'inta mai fitar da guba. Ita ce kuma ke kashe maruƙa, da ƴan aladu a wuraren da ake kiwon alade. Tana zaune cikin kashin manyan bisashe ba tare da ta dame su ba. Jariri na samunta ta baki: daga hantsar uwa da ta kwanta cikin taki, daga ƙasar garke da yake lasa, daga hannun da bai wanku ba.

In ta shiga, sai ta manne da bangon ƙaramin hanji da wasu ƴan siraran gasu da ke jikinta, ta saki guba. Gubar ba ta yaga hanjin. Umarni kawai take juyawa: maimakon hanji ya tsotsi ruwa zuwa jini, sai ya riƙa zubo ruwa da gishirin jiki waje. Jini ya yi kauri, ya yi tsami, ƙafafu su yi sanyi, ƙarfin tsotso ya tafi. Ɗan akuya mai kilo 2 da ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato mililita 200 kacal, ƙasa da rabin ledar ruwa, ya kai bakin mutuwa.

Amma akwai ƙofa ɗaya a bangon hanjin da gubar ba ta iya rufewa: wadda gishiri ke bi tare da sukarin gulukos, ruwa ya bi bayansu. Wannan ƙofa ce dalilin da ya sa ruwan gishiri da gulukos ke aiki ko da zawon bai tsaya ba.

Kwanakinsa nawa?

Wannan ita ce tambayar farko da likitan bisashe zai yi, domin shekarun dabbar sun fi launin kashin faɗin gaskiya.

Daga rana ta 1 zuwa ta 4, kashi ruwa tsululu, fari-fari ko ɗorawa, babu jini: galibi Ikolai ce. A ƴan tumaki tana iya zuwa da wata siffa, ɗan ragon ya daina shan nono, miyau na dalala har ya jiƙa haɓarsa, ciki ya kumbura yana ƙara in an girgiza shi, zawon ma bai fito ba tukuna.

Cikin mako 2 zuwa 3 na farko, in kashin ya zo da jini, jaririn na kuka yana gantsarewa don ciwon ciki, ko aka wayi gari an tarar da mafi ƙiba a cikinsu ya mutu babu wata jinya, a yi zargin bakteriyar Kulostiridiyam. Wannan ba ta ba da lokaci, kuma magani ba kasafai yake riskarta ba.

Salmonela ba ta zaɓen shekaru. Alamarta zazzaɓi mai zafi, kashi mai ɗoyi ƙwarai haɗe da majina, wani lokaci da jini, kuma takan sa masu ciki su yi ɓari. Tana kama mutane.

Sauran ba bakteriya ba ne, kuma ya kamata a san su don kada a ɓata kuɗi. Daga rana ta 5 zuwa mako 2 ko 3 akwai bairas ɗin Rota da ƙwayar Kirifto, waɗanda maganin bakteriya ba ya taɓa su, ruwa da nono ne maganinsu. Daga mako 3 zuwa wata 5, kashi baƙi-baƙi mai ɗigon jini, ɗan akuyan na ta yunƙuri kamar zai fitar da hanjinsa, wannan Koksidiya ce, tana da nata magani daban. In kuwa zawon ya haɗa da manya, ga majina a hanci, ga kwantsa a ido, ga gyambo a baki, ga tari, to annobar ƙananan bisashe ce da ake kira PPR. Nan take a sanar da ma'aikatan kiwo, kada a kai ko guda kasuwa.

Mataki na farko: ware shi, duba shi

A ɗauke mara lafiyan tare da uwarsa zuwa wani wuri busasshe mai inuwa, nesa da sauran jarirai. Ba a raba shi da uwa. A shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa ko tsohon buhu.

Sannan a duba abu huɗu. A sa yatsa mai tsabta a bakinsa: in ya kama yana tsotsa da ƙarfi, kuma bakin da ɗumi, alhamdu lillahi, ana iya jinyarsa a gida. In bakin ya yi sanyi, ya bushe, yatsan ya zauna bai kama ba, lamarin ya yi nisa. A tsunkuli fatar wuyansa a ja a saki: ta lafiyayye tana komawa nan da nan, kafin a ƙirga biyu. In ta ɗauki daƙiƙa 2 zuwa 5, ya rasa kimanin kashi 6 zuwa 8 cikin 100. In ta tsaya tsaye fiye da haka, ya kai kashi 10 ko kusa. A dubi ido: in ya faɗa ciki har an ga rata tsakanin ƙwayar ido da fatar ido, ruwa ya ƙare sosai. Na huɗu, a auna zafin jiki ta dubura da ma'aunin da ake sayarwa a farmasi, a shafa masa ɗan man shafawa tukuna. Daidai shi ne daga 38.5 zuwa 40. Sama da 40.5 zazzaɓi ne. Ƙasa da 38 jiki ya fara sanyi, ƙasa da 37 kuwa hatsari ne babba. A bazara a yi awon da safe ko cikin inuwa, don zafin rana kaɗai na iya ɗaga shi.

A kuma auna nauyinsa, domin duk abin da zai biyo baya da kilo ake lissafa shi. A sa shi cikin buhu ko bokiti a rataya a sikelin hannu. Kintace da ido na yaudara ƙwarai a ƙananan dabbobi: wanda ake cewa kilo 4 sau da yawa bai wuce 2 da rabi ba.

Mataki na biyu: haɗa ruwan

Abin da ya fi sauƙin samu kuma ya fi daidaito shi ne ƙunshin SRO, wanda ake ba yara masu zawo a gidan likita. A cikin ƙunshi ɗaya na lita 1 akwai gishiri giram 2.6, gulukos giram 13.5, gishirin fotasiyam giram 1.5, da sitirat giram 2.9 mai rage tsamin jini. A duba jikin ƙunshin a tabbata na lita 1 ne. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a auna lita 1 cif, wato ledar ruwa ta rabin lita guda biyu, a juye ƙunshin duka a motsa. Kada a rage ruwan da nufin ya fi ƙarfi, gishiri mai yawa na iya kashe jariri. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya wuce awa 24, a zubar a haɗa sabo.

In babu SRO a kusa, ga haɗin gida: ruwa tafasasshe lita 1, gishirin miya rabin ƙaramin cokalin shayi, bikarbonat rabin ƙaramin cokali, garin gulukos na gwangwani babban cokali 2 a shafe. In babu gulukos a sa zuma babban cokali 1 zuwa 2.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Sun san haɗin gishiri da sukari na yara, sai su yi wa ɗan akuya irinsa da sukarin shayi. Hanjin jaririn akuya, tunkiya ko saniya ba ya iya narkar da sukarin shayi yadda na ɗan Adam ke yi. Sukarin sai ya wuce ya tsaya a hanji, ya ƙara janyo ruwa, ya ruɓe, zawon ya ƙaru. Haka kuma kada a maye gurbin bikarbonat da kanwa. Ƙarfin kanwa ya bambanta daga wannan dutse zuwa wancan, ba a iya auna ta da cokali, kuma ita kanta tana sa zawo in ta yi yawa. In babu bikarbonat gara a bar shi, a yi da gishiri da gulukos kaɗai.

Ruwan ya kasance da ɗumin jiki. A ɗiga a bayan hannu, kada a ji zafi, kada a ji sanyi.

Mataki na uku: nawa, kuma ta yaya

Ma'aunin shi ne mililita 50 ga kowane kilo a kowane shayarwa, sau 4 a yini. Mai kilo 2 zai sha mililita 100 sau huɗu, mai kilo 3 mililita 150, maraƙi mai kilo 20 lita 1. Cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da haka a lokaci guda. Wanda ya galabaita, a raba masa: rabin wannan adadi kowace awa 2 zuwa 3, har da dare. Daren farko shi ne mai wuya, kuma wanda aka ba ruwa da magariba aka bar shi sai safe sau da yawa ba a iske shi.

In yana tsotso, kwalba mai kan roba ta fi komai. In babu, a yi amfani da sirinji babba marar allura, mai mililita 20 ko 60. A zaunar da shi a kan cinya ko a tsayar da shi, kansa a daidai yadda yake riƙe shi, hanci bai kalli sama ba. A sa bakin sirinjin ta gefen baki a kan harshe, a matsa kaɗan, mililita 2 ko 3, a jira a ga maƙogwaro ya motsa, sannan a ƙara. Mililita 100 na iya cin minti 10, kuma hakan daidai ne.

Ɗurar gaggawa ta kashe jarirai da yawa da zawon bai kashe ba. In aka ɗaga kai sama aka tuttula ruwa da buta ko kwalba, yana bin hanyar numfashi zuwa huhu. Wani ya ƙware nan take, wani kuma sai bayan kwana biyu ya fara tari da haki ya mutu, a ce zawon ne. In ya yi tari ko ruwa ya fito ta hanci, a tsaya, a sunkuyar da kansa ƙasa, a bar shi ya huta.

Wanda ba ya tsotso amma yana iya ɗaga kai yana haɗiya, ana iya sa masa siririyar robar ɗura mai laushi, irin ta jariran tumaki. Wannan aiki ne da ya kamata a fara gani a hannun ma'aikaci kafin a gwada. Ana auna robar daga bakin hanci zuwa haƙarƙarin ƙarshe a yi alama. A jiƙa ta, a zura a hankali ta kan harshe a bar shi ya haɗiye. In ta bi hanyar abinci, ana jin ta da yatsa tana wucewa ta gefen hagu na wuya, tana shiga har alamar, kuma yana iya kuka. In ta tsaya a rabi, yana tari yana fafutuka, ko kukansa ya ɗauke, hanyar huhu ta bi, a zare. Bayan an tabbata, a haɗa sirinji ba tare da matsewarsa ba, a zuba ruwan ya sauka da kansa. Kafin a zare robar a lanƙwasa ta a matse, don sauran ruwan kada ya ɗiga cikin huhu.

Wanda ya kwanta shame-shame, ba ya ɗaga kai, ba a ba shi komai ta baki. Wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya ko ƙarƙashin fata, aikin likitan bisashe ko mataimakansa da ke ƙauyuka na SVPP, wato tsarin likitocin bisashe masu zaman kansu. Kafin su iso, a shafa masa ɗan zuma a dasashi, a naɗe shi da zane, a sa shi cikin kwali tare da kwalbar ruwan ɗumi da aka lulluɓe da tsumma. A lokacin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba kaɗai ya isa ya ƙarasa jariri mai zawo, don haka a kwana da shi cikin ɗaki.

Kada a hana shi nono

Tsohuwar shawara ita ce a raba shi da nono kwana biyu hanji ya huta. An bar wannan. Ruwan SRO ba abinci ba ne, ƙarfin da ke cikinsa bai kai ko kusa da na nono ba, jariri kuma ba shi da kitsen da zai rayu a kai. Nonon ne ma ke gyara bangon hanji. A bar shi ya sha wurin uwarsa duk lokacin da ya so. In ba ya iya tsayawa, a tatso a ba shi da ma'auni iri ɗaya, mililita 50 ga kilo. Sharaɗi guda: kada a gauraya nono da ruwan gishirin a kwalba ɗaya, a bar kimanin awa 2 tsakaninsu, domin bikarbonat na hana nono daskarewa a ciki yadda ya kamata ya narke.

A ci gaba da ruwan har kashi ya fara kauri kuma ya koma shan nono da ƙarfinsa, galibi kwana 2 zuwa 4. Kashin na iya zama ruwa-ruwa alhali yana samun sauƙi. Ido da tsotso da tsayuwa su ne abin dubawa. Kullum a wanke wutsiya da cinyoyi da ruwan ɗumi, a shanya, a shafa man baselin, in ba haka ba fata ta saɓule, da damina kuma ƙuda ya yi tsutsa a wurin.

Yaushe ake allura

Maganin kashe bakteriya na da wurinsa: in akwai zazzaɓi, ko jini a kashi, ko jaririn ya daina tsotso, ko cibiya ta kumbura tana zafi, ko gwiwa ta kumbura yana ɗingishi. Waɗannan na nuna ƙwayar ta ƙetare hanji ta shiga jini. Wanda ke zawo amma yana tsaye yana shan nono ba ya bukatarsa.

Zaɓin magani na likita ne, amma yana da kyau mai kiwo ya san ma'aunin don ya gane in an yi kuskure. Amoksisilin mai dogon aiki na kashi 15 cikin 100: mililita 1 ga kilo 10, a maimaita bayan awa 48. Sulfa da tirimetofirim na kashi 24: mililita 1 ga kilo 15 zuwa 16, kullum, kwana 3 zuwa 5. Oksitetirasiklin mai dogon aiki na kashi 20, wanda ya fi yawa a hannun mutane: mililita 1 ga kilo 10, sai dai Ikolai da yawa sun riga sun saba da shi. A lura da abin da wannan lissafi ke nufi. A ma'aunin mililita 1 ga kilo 10, ɗan akuya mai kilo 2 rabonsa kashi ɗaya cikin biyar na mililita ne, 0.2. Da sirinjin mililita 10 ba a iya auna wannan, sai da ƙaramin sirinji na mililita 1. Wanda ya zuƙi mililita 2 ya soka wa jariri ya ba shi ninki goma, kuma ƙodar da ruwa ya riga ya ƙare mata ba ta jurewa.

Kafso mai ja da ɗorawa da ake sayarwa a kan tebur cikin rana, a fasa a kaɗa a ruwa, ba mu ba da shawararsa ko kaɗan. Ba a san ƙarfinsa ba, ba a san ko zafi ya kashe shi ba, kuma rabin magani na kwana ɗaya koya wa ƙwayar jurewa kawai yake yi. Ƙwayar da ta jure a garke ita ce za ta iske yaran gidan. Maganin tsayar da zawo na mutane shi ma a bar shi, yana tsare gubar ne a ciki. Jiƙon bagaruwa da garin gawayi na iya sa kashi ya yi kauri a ido, amma ba sa mayar da ruwan da ya fita, kuma haɗarinsu shi ne a ga kashi ya ɗaure a saki jiki a daina shayarwa.

Dabbar da ta fara tuƙa, ba a ba ta maganin bakteriya ta baki sai likita ya ce, don yana kashe ƙwayoyin tumbi masu narkar da ciyawa. Duk wadda aka yi wa allura kuma, a karanta a jikin kwalbar kwanakin da za a jira kafin a sha nononta ko a yanka ta.

In jarirai biyu ko uku suka kamu cikin mako ɗaya, ko ɗaya ya mutu farat ɗaya, a kai wa likita sabon kashi cikin kwalba mai tsabta, ko gawar tun ba ta wuce ƴan awoyi ba, a lulluɓe cikin sanyi. Yana iya dubawa ko ya aika LABOCEL, ɗakin binciken cututtukan bisashe. Sauran gawa a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba.

Dakashi

Duk abin da aka faɗa a sama gyaran ɓarna ne. Wurin da ake cin nasara shi ne awoyin farko bayan haihuwa. Jaririn akuya, tunkiya da saniya na fitowa duniya babu garkuwar jiki, domin mahaifarsu ba ta barin ta ta wuce daga uwa. Duka tana cikin dakashi, nonon farko mai kauri mai launin ɗorawa. Hanjin jariri a buɗe yake ya tsotse ta a awoyin farko, bayan awa 6 ya fara rufewa, bayan awa 24 ya rufe. Dakashin da aka sha a rana ta biyu abinci ne kawai.

Don haka a tabbata ya sha cikin awa 2 na farko, mililita 50 ga kilo, kuma kafin kwana ya zagayo ya sha aƙalla kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, in ya kai ninki biyu na haka ya fi. Ganin yana tura kai ƙarƙashin uwa bai isa ba. A wanke hantsa da ruwan ɗumi, a matse kowane kan nono sau biyu don toshiyar bakinsa ta fita, a kama masa, bayan ya gama a taɓa cikinsa a ji ya cika. A ƴan biyu da ƴan uku, ƙaramin ne ake ture wa, shi za a fara kama wa. Akuya mai haihuwar fari da ke gudun ɗanta a riƙe ta. In uwa ta mutu ko ba ta da nono, a nemi dakashin wata da ta haihu ranar, ko a maƙwabta ne, in babu a yi da na saniya. Mai firiza na iya ajiye ragowar a ƙananan ledoji, ranar bukata a narkar cikin ruwan ɗumi. Ba a tafasa shi, wuta na lalata garkuwar. Ɗabi'ar tatse dakashi a zubar don ana ganin ƙazanta ne, zubar da rigakafin jaririn ne gaba ɗaya.

A wannan lokacin kuma a tsoma cibiya cikin ruwan aidin ko Betadine, a tsoma ta duka har gindinta, a maimaita washegari. Ɗanyar cibiya a kan taki hanya ce ta kai tsaye zuwa jini da hanta da gaɓoɓi.

Kyawun dakashi daga cimar uwa yake. Cikin akuya wata 5 ne, kuma a mako 6 na ƙarshe ƴaƴan ke yin mafi yawan girmansu. Akuyar da ta ƙare rani a kan karan hatsi kaɗai za ta haifi ƙanana da dakashi tsararo. A ƙara mata harawar wake ko ta gujiya, dusa, ƴaƴan gawo, ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, da ruwa mai tsabta. Inda ake samun allurar rigakafin Kulostiridiyam, a yi wa masu ciki saura mako 4 zuwa 6 su haihu, wadda ba a taɓa yi wa ba sau biyu da tazarar mako 4. Garkuwar na bin dakashi zuwa ga ɗan. Ita wannan ƙwaya ce kuma ke kashe ragon turke da aka tashi rana ɗaya aka cika wa dusa da hatsi don layya ta matso. Duk ƙarin abinci a yi shi a hankali, cikin kwana 10 zuwa 14. Rigakafin PPR kuwa gwamnati na yin sa kyauta kowace shekara, a fitar da duk wadda ta haura wata 3.

Garke da damina

Daga Yuni zuwa kaka awaki na ɗaure a gida saboda gonaki. Turke ɗaya, wuri ɗaya, wata huɗu, kashi da fitsari da ruwan sama sun haɗu sun zama caɓi, a nan uwa ke kwanciya da hantsarta, a nan take haihuwa. Ba sai an nemi wani dalili ba.

A share taki kullum a kai shi can gefe ko gona. A ɗaga ƙasan rumfar da yashi ta yadda ruwa zai gangara waje. A riƙa matsar da turke, wurin da aka tashi a bar wa rana ta gasa shi, a barbaɗa toka ko farar ƙasar shafen gini. A ware wa mai shirin haihuwa wuri busasshe da ba a ɗaure kowa ba kwanan nan. Jariran mako ɗaya kada a haɗa su da ƴan wata biyu, domin manyan na zubar da ƙwayoyin da su sun riga sun fi ƙarfinsu. Kwanon ruwa da na dusa a ɗora su a kan dutse ko tsohuwar taya yadda kashi ba zai faɗa ba. Kwalba da sirinji da robar ɗura a wanke da sabulu tukuna, sannan ruwan jabel ko tafasasshen ruwa, a shanya a rana. Jabel ba ya aiki a kan datti, kuma ƙwan Kirifto ba ya jin sa, sai ruwan zafi da bushewa.

Wadda aka sayo daga kasuwar Sabon Mashi, Dakoro ko Jibiya, ko aka karɓo kiwo daga ƴan uwa, a ɗaure ta daban mako 3 da kwanonta kafin ta shiga cikin sauran. Mai ɗauke da Salmonela na iya zama sumul a ido, wahalar tafiya ce ke sa ta fara zubar da ƙwayar.

Mai jinya ya fara da lafiyayyu, ya ƙare da mara lafiya, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci ko randa. Yara ƙanana da ke son rungumar ƴan awaki a hana su zuwa wurin har zawon ya wuce, mace mai ciki kuma ta bar wa wani aikin karɓar haihuwa da kwashe abin da aka ɓarar. Nonon gidan da ake zawo a tafasa shi kafin a sha.